Ranar da Zunguru Ya Riƙe Mini Hannu

Ni a wancan lokaci mace ce da ba a gaya wa magana sau biyu, don mai faɗar yakan gaji tun a ta farko. Bandar kifi nake yi a Argungu, kuma ba a taɓa biki a unguwarmu an ga hannuna babu lalle ba.

Igiyar rago ce ta fizge ni, yatsana na tsakiya ya karye. Ɗana ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya duba hoto ya ce ƙashin ya goce, ɗori ba zai riƙe shi ba. Aka kashe hannun da allura, aka zura siririn ƙarfe cikin ƙashin, aka bar kansa a waje a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya ce kada ruwa ya taɓa, kada a kwance bandeji, sai mako huɗu a zare. Na ce to, a raina kuwa ina cewa na yi jika da wannan yaro.

Ana jibi bikin jikata na ga hannuwan ƙawayena jawur, nawa fari fat kamar na mai takaba. Na kwance bandejin, na kwaɓa lalle, na cika zunguru, na cusa hannu ciki. Da na tashi cirewa, ƙarfen ya maƙale. In na ja, sai in ji har ƙwaƙwalwa. Wata ta ce a tsiyaya man gyaɗa, wata ta ɗauko taɓarya. Na ce duk wadda ta matso, da zungurun zan kwaɗa mata.

Haka aka sa ni mota, hannu a sama, direba yana tambayata, wai Hajiya, ko kayan nan a ɗaure su a bisa. Likita ya sa zarto ya tsaga zungurun, ya ce da dauɗa ta kai ƙashi, yatsan sai yankewa. Kwana biyar ina kwance ana yi mini allura, aka kai amarya ba ni.

Yatsan ya tsira, amma har yau a ɗan karkace yake. 'Yan'uwana tsofaffi, shekaru ba sa ɗora ƙashi. In an sa muku ƙarfe, ku je biki da farin hannu. Gulmar yini ɗaya ce, ni kuwa tawa har garin Augie ta kai.