Wayar Malam Baballe Mai Maganin Basir

Shekara ashirin da biyu Malam Baballe ya yi yana sayar da maganin basir a bakin layin dogo a Agege. A unguwar aka haife shi. Yana talla da Hausa, ya juya da Yarbanci, kuma a duka harsunan biyu asibiti bai kama ƙafar sassaƙensa ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa a lasifika ba: wata takwas ke nan shi kansa a karkace yake zama.

Ya sha nasa har ya gaji, sai ya fara laluben asibitin da ke yin aikin basir a wayarsa. Duk shafin da ya buɗe, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman izinin ajiye kukis, wato alamar da za a riƙa gane shi da ita duk inda ya leƙa. Malam mutum ne mai kara, bai iya hana baƙo abu ba. Kowa ya roƙa ya amince.

Wata Juma'a bayan an sauko, Isma'ila direban tirela daga Ketu, tsohon mai sayen maganinsa, ya ari wayar zai duba sakamakon ƙwallo.

"Malam, ai asibitoci sun yi maka rubdugu. Sama tallar aikin basir, ƙasa tallar aikin basir."

"Hassada ce. Sun san ni nake kashe musu kasuwa."

"Haka ne," in ji Isma'ila. "Ni dai tawa tayar mota take nuna min, don ita nake nema."

Mutum uku ne zaune a benci, duk sun ji. Malam ya duƙufa gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Isma'ila ya goge tarihin binciken da kukis ɗin, ya nuna masa inda ake danna a'a. "Waɗannan ba baƙi ba ne, Malam, 'yan rahoto ne."

Ranar lasifika ba ta sake tashi ba. Da benci ya watse, Isma'ila ya rage yana jujjuya makullin mota. Sai yanzu Malam ya lura shi ma a karkace yake zaune.

"Shekara shida ina shan naka," Isma'ila ya ce ƙasa-ƙasa. "Wancan asibitin na Ogba da na gani a wayarka, sun iya kuwa?"

Malam ya rage murya.

"Talata suke ganin sababbi. Ka je da wuri. In ka gan ni a layi, kada ka gaishe ni."