Ranar da Yaya Diep Ta Shiga Fim

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna ɗinki tare da Yaya Diep a garejin wani gida a Cabramatta, gefen birnin Sydney. Kekenta na jikin taga, nawa na bakin ƙofa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da tabo a haɓa tun ƙuruciya, inda ƙugiyar kamun kifi ta yage ta.

Labarinta ba baƙo ba ne a unguwarmu, kusan kowane gida na da irinsa. A shekarar 1980 suka gudo daga Rach Gia, wani gari na bakin teku a ƙasarmu ta asali, a kwalekwale biyu. Garin turereniyar shiga, ita ta faɗa na farko, 'yarta Lien mai shekara tara ta bi ƙanwar babanta cikin na biyu. Mijin Yaya Diep yana tsare a kurkuku tun ƙarshen yaƙin ƙasarmu, can ya rasu. Kwana biyu kwalekwalen suna hango juna, a na uku iska ta taso. Na su Yaya Diep ya isa tsibirin Bidong a Malesiya. Na biyun, har yau babu labari.

Ta rubuta wa duk ofishin neman ɓatattu da ta ji sunansa. Amsar ɗaya ce kullum: ba a samu ba tukuna.

A 1998 wani saurayi mai suna Loc, ɗan mutanenmu da ya tashi a nan, ya zo kasuwa neman dattawan da za su cika wuri a fim ɗinsa. Labarin wani ɗan gudun hijira ne da ke bin ƙasashe yana neman matarsa. Yaya Diep ce ta fara ba da suna.

Na ce, "Ke da ko hoton biki ba kya shiga, yau fim? Da wannan fuskar?"

Ta ce, "Ai fuskar nake so a gani. An ce za a nuna shi har Amurka da Faransa. Lien ba za ta manta haɓar nan ba."

Na raka ta bakin teku, inda suka kafa bukkokin leda kamar na sansanin 'yan gudun hijira, har da allon da ake liƙa sunayen waɗanda ake nema. Mai kwalliya ta zo za ta shafe tabon da hoda, Yaya Diep ta ture hannunta. Aikinta kawai ta tsaya a layi bayan jarumin, kanta a sunkuye. Amma da an ce a fara sai ta ɗago ta zura wa kyamara ido.

Loc ya zo yana sosa ƙeya, harshenmu ma da ƙyar yake haɗa shi. "Inna, don Allah kar ki kalli nan. Ki kalli ƙasa."

"To ɗana, in na kalli ƙasa wa zai gan ni?"

"Ba ke ake ɗauka ba, Inna, shi ake ɗauka."

"Shi ai matarsa ga ta can a inuwa tana shan lemo."

Masu aiki suka kwashe da dariya, ban da Loc. Sau bakwai ana maimaitawa. Da aka tafi cin abinci, na gan ta a gaban allon. Ta cire takarda ɗaya ta sunan ƙarya, ta liƙa tata: sunan Lien, ƙauyensu, da lambar wayar garejinmu. Loc ya gani, ya daɗe a tsaye, bai taɓa takardar ba.

Bayan shekara aka nuna fim ɗin. Mutane na ta sharɓar kuka, domin a ƙarshe mutumin ya gano matarsa a wani shagon wanki. Yaya Diep ba ta yi kuka ba, jiran allon take. Ya fito, amma dishi-dishi a bayan jarumin, ba ka iya karanta ko harafi ɗaya. Fuskarta kuwa ta gifta kamar ƙiftawar ido.

Duk da haka ta sayi kaset-kaset ta aika gidajen ibadar mutanenmu a Paris da Houston da Montreal. Ta daina fita cin abincin rana, kada waya ta yi ƙara ba ta nan.

Sau ɗaya aka kira. Wata mata ce daga Kanada, ta samo lambar a wurin masu fim, ta ce tsohuwar da ke layi ta yi kama da uwarta da ta ɓace mata. Ina jin Yaya Diep tana tambaya, "Daga wane gari kuka taso? Shekararki nawa lokacin?" Garin ba ɗaya ba ne, shekarun ma haka. Matar ta fashe da kuka, Yaya Diep ce ta koma lallashinta: "Yi haƙuri 'yata. Kin ci abinci kuwa?" Da ta ajiye wayar ta koma kan keke, ta ƙarasa wuyan rigar da ke hannunta.

Daga baya idonta ya yi rauni, ta bar ɗinki ta koma taya girki a gidan ibada. Hoton mijinta yana kan teburin da muke kunna wa mamata turare, amma ba ta taɓa yarda an ɗora na Lien ba.

Ta rasu a 2009. Da muka zo rubuta sanarwar rasuwa, malamin ibada ya tambaye ni, wa ta bari? Ya riƙe alƙalami yana jira. Na ce ya rubuta 'ya ɗaya, Lien. Ya ce a wace ƙasa take? Na ce ya bar wurin haka.