Na Kai Ƙasar Gonarmu Kaduna

Kafanchan

Gari bai waye ba na bar gida, ɗauke da robobi biyu cike da ƙasa, ɗaya ta gonar bakin ruwa ɗaya ta gonar tudu, da ɗan ƙunshin alkamar kowace da saiwarta. Ni tsohuwar malamar makaranta ce. Bayan ritaya na shiga noman rani da matan zumunta na cocinmu a bakin rafi kusa da Madakiya, muka gwada alkama da kowa ya ce ba za ta yi a wajenmu ba. Ta yi kuwa. Amma tun da masu haƙar ma'adinai suka sauka can saman rafin, ruwan ya canza launi, hankalina ya ƙi kwanciya.

A tasha na tarar da Dattijo Yohanna, shugaban ƙungiyarmu ta manoma, yana jirana.

"Mama Ladi, koma gida," ya ce. "In aka ji an kai ƙasarmu gwaji, wa zai sake sayen kayanmu?"

"Baba, jikokina sun sha kunun alkamar nan. Ka ba ni hanya."

Kachia

Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya. Mun wuce Zonkwa rana na fitowa. Kafin Kachia wani soja ya tsayar da mu a shinge, ya buɗe roba ɗaya ya murza ƙasar da yatsa.

"Mama, ke ma kina haƙa zinari?"

"Ɗana, masu haƙar suna wucewa ta gabanka da tifa. Ni dattinsu na ɗauko."

Direba ya yi ta min alama in yi shiru. Sojan ya kalle ni, ya rufe robar da kansa. A garin na sayi ƙosai da dafaffen ƙwai, amma ƙwan kawai na iya ci.

Sabon Tasha

Cunkoso ya riƙe mu a Mararaban Rido, sai da rana ta take muka iso. Na sauka gidan ƙanwata Rifkatu. Washegari muka hau keke napep zuwa ɗakin gwajin da ɗanta ya nemo mana. Wata matashiya mai suna Hannatu ta karɓi kayan, ta ce in dawo mako mai zuwa. Rifkatu ta ce in tafi gida a kira ni a waya. Na ce ƙafata ba za ta taka Kafanchan ba sai na ji da kunnena.

Ranar da na koma, Hannatu ta ba ni kujera kafin ta yi magana.

"Mama, akwai wata guba da ake kira asenik a ƙasar robobin biyu. Alkamar gonar da ke bakin ruwa ta ɗauka da yawa, kada a ci."

Na riƙe gefen tebur. "Ta gonar tudu fa?"

Ta kira ni in leƙa na'urar da ke ƙara girman abu. Na ga wasu siraran zare sun nannaɗe saiwar.

"Wani irin fumfuna ne mai zama cikin ƙasa. Yana taimakon saiwa ta sami abinci, yakan kuma rage gubar da ke hawa zuwa ƙwaya. Ta tudu tana da shi sosai, gubarta kaɗan ce. Amma ba magani ba ne, Mama. In ruwan bai gyaru ba, shi ma zai gaza."

Ta ce mu daina ƙona gona, mu riƙa sa takin gida, a kuma kai yaran da suka ci alkamar asibiti a duba su.

Gida

Na iso Kafanchan da yamma, ranar Lahadi na miƙe a zumunta na faɗi komai. Wasu suka yi kuka, gama buhunan gonar bakin ruwa su ne kuɗin makarantar 'ya'yansu. Dattijo Yohanna ya ce na kashe mana kasuwa. Na ce gara kasuwa ta mutu da in sayar wa uwar wani abin da na hana jikokina.

Mun kulle buhunan a ɗakin ajiya na coci. An duba yaran, likita ya ce da sauƙi, a dai canza musu ruwan sha. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Rifkatu da tuwon acca. Jibi mu matan zumunta za mu hau saman rafin wajen masu haƙar da anko a jikinmu, kuma ni ce a gaba.