Goggon da ta karɓi riƙon allura

Tun kafin likitoci su shigo zagayen safe, Goggo ta riga ta dafa kwalaben madara ta jera a tire, ta canja zannuwa, ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana taɓa goshi da bayan hannu. Ba nas ba ce. Mai reno ce a ɗakin jarirai na asibiti, shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Kowa Goggo yake ce mata, har babban likita da ya girme ta.

Ta san kukan yunwa, ta san na jiƙa, ta san na neman magana kawai. In sabuwar nas ta yi ƙorafi wai wani jariri ba ya son ta, sai Goggo ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, jariri ba da so yake zuwa duniya ba, koya yake yi. Wanda ya zo masa da ƙoshi da ɗumi, shi ne nasa. Yau da gobe, muryarki kaɗai za ta sa shi shiru."

Ma'aikatan ɗakin suna da labaranta tuli, amma na 'yar makanike suka fi bayarwa. Bakwaini aka haifi yarinyar, uwar ta rasu kwana biyu da haihuwa, uban kuma ba shi da kowa a garin. Wata huɗu tana ɗakin, a hannun Goggo ta saba shan madara. Uban ba ya fashin zuwa, yana rufe gareji sai asibiti. Amma da ya ɗauke ta sai ta sandare tana tsala kuka, kwalba kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba a hannunsa. Saura mako uku sallama, likita ya ce in ba ta yarda ta sha a hannunsa ba, sai dai a miƙa ta gidan marayu.

Wata rana ya ajiye ta, ya ce, "Goggo, ko dai yarinyar nan ta tsane ni ne?"

"Tsana? Ita da ba ta san hannun damanta ba? Zauna, ɗana. Ƙarfe nawa kake zuwa?"

"Biyar."

"Ƙarfe nawa ake yi mata allura?"

Sai ya tuna. Biyar da kwata ne. Nas-nas sun ga uba a kusa, ga shi da ƙarfi, kullum shi suke ba riƙo. Yarinya ta haɗa fuskarsa da warin man inji na rigarsa da zafin allura, ta ƙulle su wuri ɗaya.

Goggo ta ce, "Daga yau ni ce mai riƙon allura, kai ne mai kwalba. Ka zo shida, lokacin da yunwa ta kama ta. Kuma kar ka canja rigar aikin nan, ita nake so ta riƙa shaƙa tana ƙoshi."

Ta san sarai abin da ta janyo wa kanta. Kwanakin farko ta tsaya a bayansa, hannunta a kan nasa, tana yi wa yarinya 'yar waƙar da ta saba ji, har ta yarda ta tsotsa. Sannan ta janye hannu, ta koya masa waƙar, ya riƙa yi da muryarsa mai kama da tsohon inji. Daga nan ta koma wajen ƙofa tana ninke tsummoki, tana jin kukan ba ta shiga. Biyar da kwata kuwa ita ce ke danne ƙafafun nan ƙanana a soka allura.

Ranar sallama ta miƙa hannu don bankwana. Yarinya ta kalle ta, ta fashe da kuka, ta cusa fuska a wuyan ubanta. Kunya ta kama shi, ya fara ba da haƙuri. Goggo ta ce, "Haƙurin me? Ai wannan muka sha wa wahala. Kama hanya, kar lokacin madararta ya wuce." Mai shara ce ta same ta daga baya a ɗakin wanki tana share hawaye, don tana son yarinyar nan kamar ita ta haife ta.

Ke ce, Goggo, uwar waɗanda ba za su tuna ki ba. Kin san hanyar da ƙauna ke bi ta shiga zuciyar jariri, kin share ta, kin matsa gefe kin bar wani ya wuce. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa hutun nan ya zo da lafiya. Ku kuma masu reno, da ku iyaye maza musamman, kafin ku ce yaro ya ƙi ku, ku duba me yake samu duk sa'ad da ya zo hannunku.

Makon jiya makanike ya kawo 'yarsa gaida Goggo, yanzu tana aji uku. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ake gaida kowace tsohuwa, ta koma ta riƙe hannun babanta.