Kaset ɗin Baba da na shafe

Shekarun baya, lokacin ina 'yar aji uku a sakandare, na yi wa mahaifina wata ɓarna da hannuna, kuma a ranar har daɗi na ji, ina ganin aikin lada na yi. Sai da na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, shi kuma ya koma ga Mahaliccinsa, sannan maganar ta biyo ni ta same ni.

A Jahun muka tashi. Baba malamin firamare ne, mutum mai shiru-shiru. In ya dawo daga makaranta sai ya jingine kekensa a zaure, ya yi alwala, ya zauna gindin darbejiya da carbinsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a faɗa ko a raha. Dariyarsa ma a hanci take tsayawa.

Wata rana cikin azumi Inna ta aike ni in ɗauko takardar haihuwata a akwatin ƙarfen Baba da ke ƙarƙashin gado. Can ƙasan takardu na ci karo da wata tsohuwar hula an naɗe abu a ciki. Na warware, sai ga kaset da hoto. Samari biyar ne a hoton, kowa gashi tuli guda a kai, wanduna masu faɗin ƙafa kamar za su share ƙasa. Na tsakiya yana rataye da jita, yana dariya baki har kunne. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane wushiryar. Babana ne.

Na lallaɓa na sa kaset ɗin a rikoda, na rage murya. Hayaniyar mutane na fara ji, sai tafi, sai wata ƙara kamar ana yanka kwanon rufi da zarto. Na yi maza na kashe. A makon nan ne malamarmu ta Islamiyya ta yi mana nasiha a kan kaɗe-kaɗe, ni kuwa a lokacin duk abin da na ji da safe, kafin yamma na zama mai wa'azinsa. Tausayin Baba ya kama ni. Na ce a raina, bawan Allah, ga abin da zai tarar a gaba, kuma ba wanda zai cece shi sai ni.

Washegari da la'asar, da aka fara tafsiri a rediyo, na ɗauko kaset ɗin. An ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a yi ɗauka a kai, amma duk ɗan zamaninmu ya san maganin wannan. Na dunƙule takarda na toshe ramukan, na danna jan maɓalli tare da na kusa da shi. Gefe ɗaya ya cika, na juya. Ɗaya gefen ya kusa ƙarewa ke nan Inna ta ƙwala mini kira, wai in zo in dama kunun tsamiya an kusa shan ruwa. Na kashe, na ciro takardun, na naɗe kaset a hula, na mayar inda yake. Na sha ruwa ranar ina jin kaina wata waliyyiya.

Baba bai taɓa ce mini komai ba. Da na ƙara hankali sai abin ya riƙa zuwa mini a zuci, wani lokaci ina tsakar wanke-wanke, wani lokaci ina kan sallaya. Sau da yawa na yi niyyar in durƙusa in faɗa masa, sai in ce bari sai wani zuwan. Har aka kai shi makwancinsa ban faɗa ba.

Kamar shekara biyu da rasuwarsa, ina gidana a unguwar Yalwawa cikin Dutse, Inna ta kira ni a waya.

"Ranar Asabar ki zo. Wani abokin babanku zai zo daga Kano, wai da magana."

"Maganar me, Inna?"

"In kin zo kya ji. Ki taho mini da kuka, tawa ta ƙare."

Damina ce ta yi nisa. Tun daga fitarmu Dutse har Jahun gero ne ya yi kai dama da hagu, sama ta yi lumshi, mota tana tafiya kamar tana iyo a cikin kore. Na isa da hantsi, na tarar baƙin sun riga ni. Dattijo ne fari, siriri, da sandarsa, tare da 'yarsa, wata mata kamar sa'ata mai aikin gyaran sauti. Tun ina gaishe shi na lura yatsunsa ba sa zama, sai bugun gwiwarsa suke a hankali.

"Wannan ce babbar?" ya tambayi Inna. Ya dube ni ya girgiza kai. "Har wushiryar. 'Yata, kin san babanki kuwa?"

Na ce, "Na san shi, Baba."

"Kin san malamin makaranta dai."

Sai ya ba mu labari. Su biyar ne a kwalejin horon malamai suka haɗa ƙungiya, suna kiɗan jita irin na Turawa wanda ake ce wa rok, amma da Hausa suke waƙa. Shi ne mai ganguna. Sau ɗaya tak suka yi wasa a babban zaure a Kano, wani ma'aikacin rediyo ya ɗauke su a babban faifai mai zare, ya yi wa kowannensu kaset guda. Daga nan aka gama makaranta, aiki ya rarraba su, aure ya zo, gashi ya sha aska. Bara mai ɗaukar ya rasu, 'ya'yansa suka tsinci faifan a kwali, suka nemo shi.

'Yar ta karɓa. Ta ce ta wanke sautin, ya fito tas, suna so su fitar da wasan gaba ɗaya yadda aka yi shi a ranar, da tafin da hayaniyar, don jikoki su ji. Sun zo neman izinin iyalan kowa. Sai dai danshi ya cinye ƙarshen zaren, kuma a nan waƙar ƙarshe take.

"Ita kaɗai ce babanki ya rera da bakinsa," in ji dattijon. "Sauran duk jita yake kaɗawa. Kaset uku sun ɓata, nawa rikoda ta tauna shi tun 'yar nan tana goye. Saura nasa. Na kuwa san halinsa, ko allura ba ya yarwa."

Inna ta miƙe ta nufi ɗaki, na bi ta. Ta durƙusa tana jawo akwatin, ni ma na durƙusa a bayanta.

"Inna, kada ki kai musu. Babu komai a ciki. Ni na shafe shi, tun ina sakandare. Tafsiri na ɗauka a kai."

Ba ta ko juyo ba. Ta ci gaba da ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya.

"Sai yau?" ta ce.

Ta ciro hular, sannan ta ci gaba.

"Kin bar guntuwar takarda a rami ɗaya, kuma daga littafinki na lissafi kika yago ta, da rubutunki a jiki. Bayan salla da kwana biyu ya sa kaset ɗin. Ina nan wurin ina ninke kaya."

"Me ya ce, Inna?"

"Ya saurari karatun har gefe ɗaya ya ƙare. Ni na tashi zan nemo ki da muciya, ya ce in zauna. Ya ce, kada ki yi mata faɗa, abin da ta ga ya fi alheri ne ta ba ni."

Nan kuka ya ƙwace mini. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini hular.

"Share fuskarki. Ke za ki kai musu, ke za ki faɗa musu. Ni ban shafe wa kowa komai ba."

Na fita na durƙusa gaban dattijon na faɗa masa, kaina a ƙasa. Yatsunsa suka tsaya cak a kan gwiwa. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To. Da ma malamai sun daɗe suna neman mu, ashe a cikin gida suka sa wakiliya." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

'Yarsa ta ce a ba ta dai ta duba. Ta fito da wata 'yar na'ura daga jaka, ta sa kaset, muryar mai tafsiri ta cika tsakar gida, da mai jan baƙi, kamar jiya aka ɗauka. Ta juya ɗaya gefen ta tura shi can kusa da ƙarshe. Malam yana tsakar bayani sai muka ji ƙas, wato inda Inna ta kira ni damun kunu.

Sai jita ta shigo.

Ba irin ƙarar da na ji ina yarinya ba ce. A hankali take tafiya, kamar ɗigar ruwa daga indararo bayan an ɗauke. Ganga tana binta daga nesa. Sannan murya ta biyo, siririya, ta saurayi, tana hawa tana sauka ba tare da tsoron kowa ba. Yana cewa a jira shi, in gero ya yi kai zai dawo gida. Na rufe ido. Sai na ga zauren da ban taɓa shiga ba, fitilu, fanka tana juyawa a sama, da wani yaro ɗan Jahun mai tulin gashi wanda bai san zai haife ni ba.

Kuma na san waƙar. Ban san kalmomin ba, amma karin na san shi tun ban san sunana ba. Shi Inna take yi a hanci in tana shiƙa ko tana tankaɗe. Da shi ta yi renon mu, da shi ni ma nake lallaɓa nawa 'ya'yan su yi barci, ina zaton wata tsohuwar waƙar reno ce ta garinmu.

Minti ɗaya da rabi ne duka. Waƙa ta ƙare, zaure ya ɗauki tafi, sai Baba ya yi dariya a bakin lasifika, dariya sosai, daga ciki, ya ce, "Mun gode, a sauka lafiya." Kaset ya tsaya.

Na buɗe ido na dubi Inna. Ta ja mayafi ta juya fuska wajen katanga.

"Hajiya," in ji dattijon, "farkon fa? Ni na manta baitocin, shekaru sun ja. Amma akwai wadda aka yi waƙar dominta, na san ba ta manta ba."

"Ni ina ruwana da shirmenku na ƙuruciya, Alhaji."

"Shirmen da ya sa kika ƙi ɗan mai goro?"

Inna ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya. Tukunyar da ba a ko ɗora ba.

Da ta dawo, 'yar ta kawo shawara cikin ladabi, cewa in Inna ta faɗi baitocin, za a sami mawaƙi mai irin muryar ya cike farkon. Inna ta girgiza kai.

"Ku fitar da abinku, na yarda. Amma kada a sa masa muryar wani. Iya abin da Allah ya bari, shi za ku sa."

Haka kuwa aka yi. Bayan wasu watanni aka fitar da wasan, 'yar ta turo mini a waya. Waƙa tara ce, ta ƙarshen guntuwa, tana farawa daga tsakiya kamar an buɗe ƙofa a kan mutum yana magana. Ranar ina tsince shinkafa a kicin na kunna, autata ta leƙo ta ce, "Umma, waƙar barcinmu ce. Wa ya sa mata kiɗa?" Na ce kakanku ne. Ta ce wane kakan, na ce mai keken. Ba ta yarda ba har yau.

Ba zan shiga maganar hukuncin kiɗa ba, wannan na malamai ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Abin da na sani game da kaina shi ne, na yanke hukunci a kan kayan mutum ban tambaye shi ba, ban ma saurara har ƙarshe ba, kuma na kira abin tausayi. Shi kuwa ya karɓa a matsayin kyauta, ya naɗe a hula ya ajiye shekara da shekaru. Yanzu in na ga wani abu a wurin 'ya'yana da bai yi mini ba, nakan tsaya in ji ƙarshensa tukuna. Kullum bayan salla ina roƙa wa Baba gafara da rahama, ina kuma roƙon Allah ya sa mai tafsirin nan da ya zauna a akwatinsa ya zame masa shaida ta alheri.

Da na je Jahun da sallar da ta wuce, na tarar da Inna tana tankaɗe a inuwa, tana yin karin nan a hanci. Na zauna kusa da ita na karɓi rariyar.

"Inna, don Allah ki faɗa mini baitocin farko. Ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba."

Ta karɓe rariyarta, ta kakkaɓe gari daga zaninta.

"Naku yana waya," ta ce. "Wannan nawa ne."