Hoton Sharfaddeen da Ya Ƙi Girma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Sharfaddeen, ɗan ƙanena Sule, bayan mota ta buge shi a kan babur a hanyar Mamudo. Ni Babagana, dillalin shanu a kasuwar Potiskum, ban yi boko ba, ba na kuma nadama. Faɗa nake yi 'yata Asta tana rubutawa, na ce kada ta gyara min magana.

Sharfaddeen, kai ka buɗe min shafi a intanet don mahautan Kudu su ga shanuna daga can. Da farko ba wanda ya kira. Ka ce hotunan sun yi nauyi, kafin su buɗe mai saye ya gaji ya tafi. Sai ka zauna kana matse su ɗaya bayan ɗaya, kada kowanne ya wuce abin da kake kira kilobait ɗari. Na ce bijimin da na sha wahalar kiwonsa ba mai rage min shi. Ka yi dariya ka ce, "Baffa, abin da nake cirewa ido ba ya ganinsa."

Ciniki ya buɗe, wannan ba na musu. Da ƙafata ta kumbura, kai ka riƙa shiga taɓo cikin shanu kana ɗaukar hoto, alhali 'ya'yan cikina maza suna Kano, ko kira ba sa yi. Dillalan da suka yi min ba'a suka dawo suna roƙonka, su ma ka buɗe musu shafin. Ban so ba, har gobe.

Amma in ka matse hoto sai ka goge babban, wai wayarka ba wuri. Sau nawa na hana ka? Ba ka ji.

Yau ga matarka Ummul-Khair da tsohon ciki. Abu ɗaya ta roƙe ni: hotonka babba, wanda za ta nuna wa abin da za ta haifa. Na aurenku suna cikin wayar da ta farfashe a titi. Mun bi dangi, babu na kirki, don kullum kai ne mai ɗauka. Saura na kan shafin nan, kana riƙe da igiyar wani farin sa. Na kai wa mai wankin hoto ya ƙara masa girma. Ƙahonin san suka fito, fuskarka kuwa ta dame kamar an zuba mata ruwa. Na yi masa faɗa, na tafi wurin wani. Shi ma haka. Ya ce, "Baba, abin da aka cire ba ya dawowa."

Hoton yana aljihuna, na kasa kai mata. Da ta ji sallamata sai ta fito tana kallon hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Sule, Allah Ya ba mu haƙuri. Ummul-Khair, Allah Ya sauke ki lafiya, Ya sa abin da ke cikinki ya ɗauko kamannin ubansa, don a duniyar nan ba mu da wani wurin da za mu sake ganinsu.