Yatsa Huɗu

Duk layin babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Yatsa Huɗu ake ce mata, har maigidanta in tsokana ta motsa masa. Tela ce, ɗan shagonta na tsakanin mai kitso da mai gyaran waya, kuma tana da wani hali da ya gagari kowa: duk rigar macen da za ta ɗinka, sai ta bar faɗin yatsa huɗu na yadi a naɗe cikin ɗinkin gefe. Ki yi mita, ki ɓata rai, ki rantse yadinki ba zai kai ba, ita ko a jikinta.

"Ranar da ciki ya zo kya dawo in buɗe miki," haka take cewa.

Kuma suna dawowa. Shekara goma sha ɗaya tana sa reza tana farke gefen rigunan matan unguwa, tana yi musu fatan sauka lafiya. Nata rigunan ma haka ta ɗinka su tun shekarar da ta yi aure, sai dai ba ta taɓa farke ko ɗaya ba.

To, bana Allah ya kawo. Cikin yana sati bakwai, ba ta ma faɗa wa yayarta ba, wata safiya ta shiga banɗaki ta ga ɗigon jini. A asibiti likita ta daɗe tana kallon hoton ciki kafin ta yi magana.

"Ciki yana nan, amma ban ga bugun zuciya ba. Wataƙila bai kai lokacin da za a gani ba ne, wataƙila kuma ya tsaya. Ki dawo bayan kwana goma."

"Likita, me zan yi kafin nan?"

"Ki jira. Ba wani abu kika yi da ya jawo ba."

Ki jira! A ce wa macen da hannunta bai san zama ba ta jira kwana goma, ai an gama da ita. Ta koma shago ta lulluɓe keken ɗinki da zane. Likita ta ce taka keke ba ya ɓarar da ciki, ta ji da kunnenta, amma ƙafar ta ƙi hawa. Ta koma ɗinkin hannu, tana sa maɓalli tana kalmasa, allura na yi mata tafiyar hawainiya.

Mai kitso ta leƙo. "Maƙwabciya, yau keke ya shiga yajin aiki ne?"

"Ƙafa ce ke damuna."

"Ƙafar ce ke kai ki banɗaki sau goma kafin azahar?"

Ta yi dariya don ta rufe zancen. Gaskiya ne kuwa, dubawa take yi. In ta ga babu jini ta fito da ƙarfinta, in ta ga ɗigo ta rasa inda za ta sa kanta. In shagon ya zama ba kowa sai ta dafa mararta ta ce a hankali, "Ko kai ne ko ke ce, a riƙe da kyau." Tana son abin nan da ba ta taɓa gani ba, so mai ciwo, har kunyar kanta take ji.

Maigidan nata mai gyaran fanka ne, maganarsa ba ta da yawa. Shi ke ɗaukar bokiti, ko dutsen guga ya hana ta ɗagawa. Amma rana ta huɗu bakinsa ya suɓuce ya ce, "Kada ki sa rai da yawa."

"Ran nawa ne ko naka?" ta ce masa.

Bai sake ba, bawan Allah. Shi ma tsoro ne ke cinsa.

Rana ta shida wata yarinya ta shigo da ciki wata biyar da riga a leda, tana ta dariya wai ashe gaskiyar Yatsa Huɗu ce. Yatsa Huɗu ta karɓa, ta farke, ta ɗinke mata tsaf, ta raka ta bakin ƙofa da addu'a. Da ta dawo ta zauna bayan labule ta yi kuka mai isarta, don kishin cikin yarinyar ya kama ta, kuma ta sani.

Safiyar rana ta goma maigidan ya shigo ɗaki da makullin babur, ya tarar da ita zaune a bakin gado da reza. A cinyarta akwai shuɗiyar rigar da ta fara ɗinka wa kanta tana amarya, wanki ya kashe mata launi.

"Ai ba ta matse ki ba," ya ce. "Ki bari mu ji abin da likita za ta ce mana."

"Shekara goma sha ɗaya ina ajiye masa wuri," ta ce. "Ya zo, ya kwana a jikina. Ko ya zauna ko ya tafi, ba za a ce ban buɗe masa ba."

Ta sa reza. Zaren ya tsufa, bai yi gardama ba. Yadin da ke naɗe ya fito shuɗi shar, kamar ranar da aka yanko shi. Ta ɗauki allura, sau uku zare na kauce wa kafar allurar. Maigidan ya ajiye makulli, ya karɓa ya zura mata, ya zauna ya riƙe bakin rigar har ta gama gefe biyun.

A bencin asibiti rigar ta yi mata yawa, ga sabon launi ya sauko ta kowane gefe. Wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta ƙura wa ɗinkin ido, ta yi murmushi.

"'Yata, na ga an buɗe riga. Wata nawa?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar a duniya. Ta dubi maigidanta, ta dubi ƙofar likita.

"Sati takwas da kwana uku, Inna," ta ce.

Nas ta leƙo ta kira lambarta. Ta gyara rigar, ta miƙe.